BASHIN DA YARO KE BIN MUTUM UKU

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da ya fifita ɗan Adam da hankali da magana. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

 Ina neman gafarar waɗanda suka girme ni a shekaru da karatu, gama zan taɓo maganar da yawancinmu ba mu son a taɓo, watau dokar da ta ce lalle ne kowane yaro a ƙasar nan ya yi karatun zamani na shekara 9, kyauta, ba da biyan ko anini ba. Mun daɗe muna jin wannan doka kamar bulala ce aka tanada dominmu. Ni kuwa da na bincika sai na iske takardar bashi ce, mai bin bashin yaro ne, waɗanda ake bi kuwa mutum uku ne: hukuma, da uba, da malami. Bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Kafin in shiga bayani, bari in fara da kaina, domin kada wani ya ce ɗan boko ne ya ari rawanin malamai.

A shekarar 1976, watau 1396 ta Hijira, ina da shekara 6 a duniya, Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta buɗe shirin nan da ake kira UPE, na ba da karatun firamare kyauta a ƙasa duka. Dagaci ya sa mai unguwa ya bi gida-gida yana rubuta sunayen yara. A daren da labari ya iso unguwarmu, mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya naɗe mini allona cikin 'yar tabarma, ya damƙa ni ga wani ƙaninsa gardi mai shirin tafiya gabas. Kafin assalatu mun yi nisa. Da mai unguwa ya zo aka ce masa ba yaro a gidan. Ban taɓa zargin mahaifina ba, ba kuwa zan zarge shi ba. Ya ga boko ya shigo ƙasar nan a bayan bindigar Turawa, ya ji labarin makarantun mishan, ya ji tsoron kada ɗansa ya bar salla. Abin da ya ba ni kuwa ya fi duniya da abin da ke cikinta. Na yi babbaƙu da farfaru, na sauke, na yi hadda, na yi satu, har Allah ya nufe ni da rubuta Alƙur'ani da ka.

To, wata shekara na tara 'yan kuɗina na sayi fili domin in gina wa almajiraina ɗaki. Muka je ofis da mai filin, aka kawo takardu cikin Turanci. Akawu ya ce in sa hannu. Na ɗauki biro na rubuta sunana da ajami, rubutun da mutane ke zuwa daga nesa su saya. Akawu ya duba, ya yi murmushi, ya jawo tawada ya ce in dangwala yatsa. Na dangwala. Bayan shekara 2, da na tashi yin katanga, sai aka fito da takarda aka nuna mini cewa awon da ke rubuce bai kai wanda muka yi ciniki a kansa ba. Kusan sulusin filin ya tafi, ga kuwa yatsana a ƙasa yana ba da shaida a kaina. Ran nan na kwana ina juyi. Asarar filin ba ta dame ni kamar tunanin yaran da ke kwance a zaurena ba, gama na san kowannensu zai tsaya gaban wani akawu wata rana.

FASALI NA FARKO: ABIN DA DOKA TA CE

Shirin 1976 bai yi ƙarko ba. An yi tanadin yara kimanin miliyan 2.3 a shekarar farko, sai kimanin miliyan 3 suka zo, ɗakuna suka kasa, malamai suka kasa, da kuɗin mai ya ja baya sai abin ya sukurkuce. Ran 30 ga Satumba 1999 Obasanjo, yana Shugaban Ƙasa na farar hula, ya sake ƙaddamar da wani shirin a Sakkwato, mai suna UBE, sa'an nan a 2004 aka yi masa doka. Ni ba na jin Turanci. Amma wani tsohon almajirina da ya haɗa karatun biyu, yau yana aikin lauya, ya zauna a zaurena ya karanta mini ita sashe-sashe yana fassarawa, ni kuwa ina rubutawa da ajami kamar yadda muke rubuta fassara a gefen littafi. Ga abin da na tsinta.

Na farko, dokar ta ɗora wa kowace Gwamnati a Nijeriya ta ba kowane yaro karatu kyauta kuma tilas, shekara 6 na firamare da shekara 3 na ƙaramar sakandare. Yaron da take nufi shi ne wanda ke tsakanin shekara 6 da 16, namiji ko mace, mai lafiya ko mai naƙasa.

Na biyu, ta ɗora wa uba, ko wanda yaro ke hannunsa, ya tabbatar yaron ya shiga kuma ya gama. Wanda ya ƙi, a karo na farko a tsawata masa. A karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata 1, ko duka biyu. In ya sake, tarar naira 5,000 ko ɗaurin wata 2, ko duka biyu.

Na uku, ga abin da ba a cika gaya mana ba. Ta haramta karɓar kuɗi a makarantun Gwamnati na wannan mataki. Wanda ya karɓa, tararsa tana kaiwa naira 10,000, ko ɗaurin wata 3, ko duka biyu. Ku duba da kyau, horon mai karɓar kuɗi ya fi na uban da ya hana ɗansa nauyi. Ta kuma lissafa abubuwan da za a bayar kyauta: littattafai, da kayan koyarwa, da ɗakunan karatu, da kujeru, da abincin rana.

Na huɗu, da ta zo bayyana waɗanda shirin ya ƙunsa, ta ambaci 'ya'yan makiyaya, da 'ya'ya mata, da naƙasassu, ta kuma ambaci almajiri da sunansa. Ashe yaranmu suna cikin takardar tun shekarar 2004, mu ne ba mu karanta ba.

Na biyar, ta ware abin da bai gaza kashi 2 cikin 100 na babban asusun Gwamnatin Tarayya ba domin wannan aiki, ta damƙa shi ga hukumar UBEC. Amma jiha ba ta cin rabonta sai ta ajiye nata rabin kuɗin aikin tukuna.

Akwai kuma Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda sashenta na 15 ya tabbatar da wannan haƙƙi, kamar yadda yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta yi, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991.

Wani zai ce, to, in hukuma ta ƙi biya fa, wa zai kama ta? Wannan tambaya ta yi kyau, an kuwa yi shari'a a kanta. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 18, ya yi alkawarin karatu kyauta, amma ya rataya shi ga samuwar hali, ya kuma sa shi a babin da kotu ba ta da ikon tilastawa. Da wannan garkuwa hukumomi suka daɗe suna kare kansu. Sai a 2010 kotun ƙasashen ECOWAS da ke Abuja, cikin ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, ta yanke cewa ilimi haƙƙi ne da ɗan Nijeriya zai iya nema a gaban alƙali. Haka kuma a 2017 Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a John Tsoho, cikin ƙarar ƙungiyar LEDAP, ta ce tun da Majalisa ta yi dokar 2004, alkawarin ya zama wajibi a wuyan Gwamnatin Tarayya da na jihohi. A harshenmu na fiƙihu sai mu ce: dā kyauta ce da ba a karɓa ba, yanzu ta zama bashi mai shaidu.

FASALI NA BIYU: BASHIN HUKUMA

Da hukuma zan fara, domin ita ce babba, da ita kuma doka ta fara. Asusun yara na UNICEF ya daɗe yana ba da lissafin yara miliyan 10.5 da ba su zuwa makaranta a Nijeriya. A 2022 hukumar UNESCO, da ta haɗa da matasa, ta kai lissafin kusan miliyan 20. Mafi yawansu a Arewa suke, almajiranmu kuwa ana ƙidaya su a ciki. Wannan ƙidaya tana yi mana zafi, gama yaron da ke tashi tun asuba yana tilawa ba a ce da shi marar makaranta. Amma zafin magana ba ya hana a duba gaskiyar da ke cikinta.

Abin da idona ya gani a firamaren da ke kusa da mu shi ne ɗaki mai yara fiye da 100 a ƙasa, rufi ya yaye, malami ɗaya yana zagaya aji uku. Yaro ya kai aji 5 bai iya karanta wasiƙa ba. Uban da ya ga haka, in ya ce gara ɗansa ya je gona, da wane baki za a tsawata masa? Hukumar UBEC da kanta ta sha kokawa cewa biliyoyin naira suna kwance a hannunta, jihohi ba su zo sun ɗauka ba domin ba su ajiye nasu rabin ba. Kuɗin yara na kwance a Abuja, yara na zaune a turɓaya.

A watan Afrilu 2012 Shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, cikin Sakkwato, aka gina irinta fiye da 150 a ƙasar nan. Niyya ta yi kyau. Amma da yawa daga cikinsu sun lalace bayan an sauya mulki, domin an gina bango ba a gina amana da malaman tsangaya ba. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka yi shawarar mayar da almajirai jihohinsu na asali, aka loda yara a motoci, wasunsu aka same su da cutar bayan sun sauka. Wanda bai biya bashi ba, ga shi yana korar mai binsa. A 2023 an kafa hukumar tarayya ta musamman domin ilimin almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta. Muna yi mata fatan alheri, muna kuma tuna mata cewa ba a yi wa mutum aski ba ya nan.

Sai maganar tsaro. An sace 'yan mata a Chibok a 2014, an kwashe yara a Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024. A Tegina kuwa, a 2021, 'yan Islamiyya aka kwashe. Ɓarawon yara bai bambanta allo da biro ba. Hukumar da ta ce tilas a kawo yaro, tilas ne a kanta ta mayar da shi gida lafiya.

FASALI NA UKU: BASHIN UBA

Amma laifin hukuma ba ya wanke uba. Duk wanda ya karanta Risala ya san ciyar da ɗa ƙarami da tufatar da shi suna wuyan mahaifinsa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin miji. Ba mu ga inda aka ce wannan nauyi yana saraya in an kai yaro tsangaya ba. Dā, uba yakan kawo ɗansa da damin hatsi, mutanen gari kuma kowane gida yana da almajirinsa da ake zuba wa tuwo, a san sunansa, a san malaminsa. Ƙidayar da Turawa suka yi a farkon mulkinsu ta nuna makarantun allo fiye da 20,000 a Arewa, da ɗalibai fiye da 200,000, ba a kuwa ji sun zama abin kuka ba, domin gari yana ɗauke da su. Yau ana sauke mini yaro ɗan shekara 5 daga bayan mota, da riga ɗaya da roba, uban ya ba ni naira 1,000 ya juya, ba na sake ganinsa sai bayan shekara 3. Wannan ba neman ilimi ya kawo shi ba, nauyi ya zo saukewa.

Tarar naira 2,000 yau ba ta sayen kaza, ban kuwa taɓa ganin an ɗaure wani uba a garinmu saboda wannan doka ba. Saboda haka ba da kurkuku nake tsoratar da ku ba. Ina tsoratar da ku ranar da ɗanku zai tsaya a asibiti da takardar magani a hannu bai san ko ƙwaya 1 aka ce ko 3 ba, da ranar da za a tambaye ku kiwon da aka ba ku.

'Ya'ya mata kuwa bashinsu ya fi yawa. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin Nurul Albabi, ya zargi malaman zamaninsa da suke karantar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajoji suna kai karatu ga matan ƙauyuka. Mu da muke kiran kanmu magadansu, kullum muna kukan cewa namiji ne ke duba matanmu a ɗakin haihuwa. To, likita mace daga sama za ta faɗo? Yarinyar da aka ɗora wa farantin talla tun tana shekara 7, ita ce ungozomar da muka rasa.

FASALI NA HUƊU: BASHINMU, MU MALAMAI

Yanzu na zo kan kaina da 'yan'uwana. Doka ta ce uba ko wanda yaro ke hannunsa. Yaron da ya bar ƙauyensu ya kwana a zaurenka shekara 7, a hannun wa yake? A hannunka yake, Malam, ko ka so ko ka ƙi.

Ga abin da na yi bayan maganar filin nan, ba domin alfahari nake faɗa ba, sai domin gani ya kori ji. Na raba wa yarana yini. Daga sallar asuba zuwa hantsi, allo. Daga ƙarfe 8 zuwa azahar, firamare. Bayan la'asar a wanke allo a yi sabon rubutu. Bayan isha'i tilawa. Asabar da Lahadi, da boko ke hutu, namu ne gaba ɗaya. Alhamis da Juma'a, da mu muke hutu, ba mu hana su zuwa can. Na kuma kafa sharaɗi uku ga duk mai kawo yaro: kada ya gaza shekara 7, uban ya kawo hatsinsa bayan kaka, ya kuma yarda a rubuta shi a firamare.

Ba zan ɓoye muku abin da na rasa ba. Iyaye da yawa sun kwashe 'ya'yansu, kuɗin laraba ya ragu, wasu abokaina da muka yi gardanci tare suka daina gayyatata walimar sauka, suna kirana malamin Gwamnati. Sauka kuma takan yi jinkiri da kamar shekara guda. Amma ba ta fasa ba. Cikin yaran nan akwai waɗanda suka haddace, akwai malamin asibiti, akwai lauyan da ya karanta mini doka, shi ne kuwa yake jan mu tarawihi in ya zo gida da azumi.

Wata rana aka koro mini yara 11 daga makaranta, wai ba su biya kuɗin jarrabawa da na alli ba. Na ɗauki takardata ta ajami na tafi, na karanta wa hedimasta sashen da ya hana karɓar kuɗi. Na zaci zai yi faɗa. Sai bawan Allah ya buɗe akwatinsa ya nuna mini babu alli ko ɗaya, ya ce wata da watanni ba a aiko masa da kome ba, da albashinsa yake saye. Nan na gane ni da shi duka masu bin bashi ne. Muka ɗauki mai unguwa da wasu dattawa biyu muka tafi ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, muka koma, muka sake komawa. A tafiya ta huɗu aka ba mu alli da littattafai kaɗan. Ba su isa ba, amma ba a sake koro yaro ba. Da ban san dokar ba, da sai in ce haka Allah ya so, in mayar da yara bara.

FASALI NA BIYAR: AMSAR SHUBUHOHI

In ka ce boko yana ɓata tarbiyya, sai in ce akwai ƙamshin gaskiya a maganarka, mun ga waɗanda ya ɓata. Amma gaya mini, wace tarbiyya yaro ke samu a tashar mota da bakin gidan kallo, inda yake yini da roba a hannu? Aji yana da malami da za ka iya zuwa ka yi wa magana. Tasha ba ta da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda kuwa ya riƙe yaro da asuba da dare shi ne mai tanƙwarawa.

In ka ce ga masu digiri suna yawo ba aiki, sai in ce doka ba ta ce a yi digiri ba. Shekara 9 ta ce, gwargwadon abin da zai sa mutum ya karanta takarda, ya yi lissafi, ya san abin da ya sa wa hannu. Bayan nan wanda ya so kasuwa ya tafi kasuwa, wanda ya so Muhtasar ya zauna gaban malaminsa.

In ka ce wannan ilimin Nasara ne, sai in ce Imamu Gazali cikin Ihya'u ya lissafa likitanci da hisabi cikin farillan kifaya, waɗanda in gari ya rasa mai yin su kowa ya yi laifi. Lambobin da ake koya wa yaro a aji 1, ta hannun Musulmi suka isa ƙasar Turai. Ko a nan gida, makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Koyon Larabci a 1947, ta haɗa karatun biyu, ta kuwa fitar da alƙalai da manyan malamai da ba wanda ya isa ya ce ba su san addini ba.

In ka ce ina hukuma ta sami ikon tilasta wa mutum a kan ɗansa, sai in ce alƙali yana tilasta wa uba ciyar da ɗansa in ya ƙi, yana hana waliyyi cin dukiyar maraya. Ɗa amana ne a hannun uba, ba dukiyarsa ba ne. Inda haƙƙin mai rauni yake, shugaba yana da ikon tsayawa a kai.

FASALI NA SHIDA: ZUWA GA 'YAN KASUWA

Ya ku Alhazai na Kurmi da Kantin Kwari da Dawanau, da na sauran kasuwanninmu, ku kun fi kowa sanin wannan magana. Kakanninku sun kai goro daga Gwanja da lissafin ka da amanar baki. Yau ciniki ya koma waya da banki da rasit da takardar kwastan. Attajiri nawa ne a cikinku dukiyarsa ke hannun yaron da ya ɗauka haya domin ya karanta masa saƙon banki? Malamai sun karantar da mu cewa bai kamata mutum ya shiga ciniki ba sai ya san hukuncinsa. Wanda bai iya karanta yarjejeniyar da ya sa wa hannu ba, ta yaya zai san ko akwai riba a cikinta?

Abu uku nake roƙonku. Na ɗaya, yaron shagon da bai kai shekara 16 ba, ku sake shi da safe ya je aji, ya dawo muku da azahar. Na biyu, sadakar da kuke rabawa a bakin titi naira 50-50, ku tara ta ku kai buhun gero tsangayar unguwarku, bisa sharaɗin yara su bar bara su shiga aji, gama yunwa ce ke fitar da su, ba taurin kai ba. Na uku, ku shiga kwamitin kula da makarantar unguwarku. Ku da ba a iya cutarku a awo, ku tambayi shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisarku: jiharmu ta ajiye rabinta ta karɓo kuɗin UBEC na bana? In ta karɓo, ina rufin? Maganar attajiri tana shiga inda ta malamin allo ba ta shiga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

RUFEWA

Mahaifina ya ɓoye ni a 1976 domin ya tsare mini addinina, Allah ya saka masa da Aljanna. Ni kuma ina kai yarana aji domin in tsare musu addininsu da mutuncinsu, kada mahaddacin Alƙur'ani ya sake dangwala yatsa a kan abin da bai sani ba. Niyyarmu ɗaya ce, zamani ne ya bambanta. Ba na kiran kowa ya ajiye allo. Ina kiranmu mu karɓo wa yaran nan haƙƙinsu da doka ta rubuta, mu biya namu kason, sa'an nan mu sami bakin tambayar hukuma nata.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya ga kuskure cikin abin da na rubuta, ya aiko da gyara ta hannun Edita, zan karɓa da godiya, gama sani na Allah ne. Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya ba shugabanninmu ikon sauke amana, ya jiƙan malamanmu da iyayenmu, ya sa mu cika da imani. Amin.

Haza wasalam.

Daga ɗan'uwanku, wani malamin makarantar allo.